Wa Ke da Ikon Cewa "Ba Ta Yi Ba"? Batun Gwajin Karɓar Manhaja

Wanda ya kai ɗinki wurin tela ba ya cika ragowar kuɗi sai ya sa rigar a jikinsa. Tela yana iya rantsuwa cewa zarensa mai ƙwari ne, ɗinkinsa bai karkace ba, kuma ya yi gaskiya. Amma ko hannun rigar ya kai inda ake so, ko wuyan ya shaƙe, wannan mai riga kaɗai ke iya faɗa. A sana'ar ƙera manhajar kwamfuta ma akwai irin waɗannan dubawa guda biyu. Masu ƙira suna gwada aikinsu mataki-mataki: kowane ɓangare shi kaɗai, sannan haɗuwar ɓangarorin, sannan tsarin dungurungum. Bayan sun gama nasu ne ake zuwa ga gwajin karɓa, inda mutanen da za su yi aiki da manhajar, wato akawu da ma'aji da mai kula da sito da mai lissafin albashi, suke zama su bi da ita ta cikin ayyukansu na yau da kullum, suna gwama abin da ta yi da buƙatun da aka rubuta tun farko. In ta yi, a sa hannu. In ba ta yi ba, a mayar.

Wannan sa hannu yana da nauyin da ba kasafai ake lura da shi ba. Da shi ɗan kwangila yake karɓar kuɗinsa, kuma daga ranar ne mafi yawan alhakin abin da zai biyo baya yake komawa wuyan mai saye. Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa gwajin karɓa ba ya da wani amfani sai an cika sharuɗɗa biyu: a tsayar da ma'auni a rubuce kafin a fara awo, kuma mai gwajin ya kasance yana da ikon cewa "ba ta yi ba" a saurare shi. In ɗaya ya faɗi, abin da ya rage biki ne kawai na sa hannu da ɗaukar hoto.

Babu misalin da ya fi fito da wannan fili kamar abin da ya faru a jihar Queensland ta ƙasar Ostareliya. A ƙarshen 2007 gwamnatin jihar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin IBM, wadda ta ƙunshi gina sabon tsarin biyan albashi ga ma'aikatar lafiya. Ma'aikatan da abin ya shafa sun kusa 80,000, cikinsu har da likitoci da malaman jinya da masu shara da masu girki, kuma ana biyan su duk bayan mako biyu. Albashin asibiti ba irin na ofis ba ne da mutum yake karɓar abu guda kowane wata. Akwai aikin dare, da na ƙarshen mako, da ƙarin lokaci, da kiran gaggawa, kowanne da lissafinsa. Tsohon tsarin da ake amfani da shi, mai suna LATTICE, ya tsufa, kamfanin da ya yi shi kuma ya sanar da cewa zai daina kula da shi. Kuɗin da aka fara yankewa na wannan ɓangaren aikin ya ɗan haura dalar Ostareliya miliyan 6, kuma an yi zaton za a gama a cikin 2008. Ba a kunna sabon tsarin ba sai a watan Maris na 2010.

Da aka kunna, dubban ma'aikata suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Wasu an rage musu albashi, wasu an zuba musu fiye da haƙƙinsu, wanda daga baya aka bi su bashinsa, wasu kuwa ko sisi ba su samu ba. Kamfanin binciken kuɗi na KPMG ya ƙiyasta cewa gudanar da tsarin da gyaransa za su ci kimanin dala biliyan 1.2 a cikin shekara takwas. Gwamnati ta kafa hukumar bincike ƙarƙashin tsohon alƙali Richard Chesterman, ya miƙa rahotonsa a 2013.

Abin da ya kamata mai karatu ya tsaya a kansa shi ne cewa an yi gwajin karɓa. An yi shi zagaye bayan zagaye, har da ɗauko kamfani mai zaman kansa domin ya jagoranci aikin. Gwajin kuma ya yi abin da aka kafa shi dominsa, ya tono aibu masu yawa. A wannan sana'a ana kasa aibi mataki-mataki gwargwadon tsananinsa: na ɗaya shi ne wanda yake tsayar da aiki cak, na biyu babban kuskure ne irin wanda zai sa a biya mutum abin da ba shi ne haƙƙinsa ba, na uku da na huɗu kuwa ƙananan abubuwa ne da ake iya haƙuri da su. Sharaɗin da aka gindaya tun farko shi ne ba za a wuce gaba ba matuƙar akwai aibi na mataki na ɗaya ko na biyu. Da lokaci ya ƙure, aibun kuma suka ƙi ƙarewa, sai masu kula da aikin suka koma kan ma'aunin kansa. Aka sake fasalin matakan, aka sauko da wasu aibu daga na biyu zuwa na uku, aka kuma sassauta sharaɗin ta yadda za a iya wucewa da aibun mataki na biyu muddin an rubuta dabarar kewaye su da hannu. Masu gwajin sun yi gargaɗi a rubuce cewa yawan kurakuran da suke gani alama ce ta cewa akwai wasu a inda gwajinsu bai taɓa ba. An karanta gargaɗin, aka kunna tsarin.

A kasuwar hatsi, wanda ya ga awo bai cika ba sai ya ɗauko ƙaramar tiya ya sake aunawa, sunansa sananne ne, kuma ba mai daɗin ji ba ne. A ofis kuwa ana yin haka a zaman kwamiti, a rubuta shi cikin bayanin taro, a kira shi daidaita ƙa'idoji. Aibin da aka sauya wa lamba yana nan yadda yake, kuma malamar jinyar da ta kwana bakwai tana aikin dare za ta gamu da shi ranar biya, ko da wace lamba aka rubuta masa.

Adalci ne a faɗi hujjar waɗanda suka yanke wannan shawara, domin ba mahaukata ba ne. Suna tsoron tsohon tsarin ya durƙushe a kowane lokaci, a rasa hanyar biyan kowa. Kowane jinkiri kuɗi ne, kuma an riga an ɗaga ranar kunnawa sau da dama. Sannan gaskiya ne cewa babu manhajar da ake kunnawa ba tare da aibi ko ɗaya ba. Wanda ya ce sai ta zama tsaf kamar ƙwai zai mutu yana jira. Duk wannan haka yake. Sai dai hujjar tana halatta wa shugaba ya fito fili ya ce: "Manhajar ta faɗi gwaji, amma za a kunna ta saboda kaza da kaza, alhakin kuma a wuyan ofishin nan yake." Wannan magana ce ta mai gaskiya, ana iya jayayya da ita, ana kuma iya shirin tarar abin da zai biyo baya. Hujjar ba ta halatta a gyara takarda ta nuna an ci gwaji alhali an faɗi, domin wannan yana rufe idon kowa, har da na wanda ya gyara takardar.

Akwai darasi na biyu a labarin, wanda ya fi na farko zurfi. Binciken ya nuna cewa tun asali ba a tsayar da abin da ake so manhajar ta yi ba. Mai saye da ɗan kwangila sun yi ta ja-in-ja kan ko wani abu aibi ne da ɗan kwangila zai gyara a kuɗinsa, ko kuwa sabuwar buƙata ce da za a biya daban. Inda buƙata ba ta tsaya ba, gwajin karɓa ba shi da abin da zai jingina da shi. Ƙarshen lamarin ma abin lura ne: jihar ta kai IBM ƙara, amma a 2016 kotu ta yanke hukunci cewa wata yarjejeniya da aka sa wa hannu a 2010 ta riga ta sauke wa kamfanin alhaki.

Ƙasar Kanada ta maimaita kusan wannan labari da tsarin albashinta mai suna Phoenix, wanda aka kunna a watan Fabrairu na 2016 domin ma'aikatan gwamnatin tarayya kimanin 290,000. Da kuɗin gini ya zarce kasafi, sai aka zare wasu ayyukan manhajar, aka taƙaita gwaji, aka kuma soke shirin fara gwada ta a ma'aikata guda kafin a baza ta ko'ina. Babban mai binciken kuɗi na ƙasar, Michael Ferguson, ya bayyana lamarin a rahotonsa na 2018 a matsayin gazawar da hankali ba ya ɗauka. Shekaru aka kwashe ana warware albashin mutane.

Wanda ke biyan kuɗin irin wannan sakaci kusan kullum shi ne na ƙasa. A Birtaniya, daga 1999 zuwa 2015, an gurfanar da masu riƙe da ƙananan gidajen waya fiye da 900 bisa zargin sata da maguɗin lissafi, dogaro da alƙaluman manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun talauce. Sai a 2019 Babbar Kotu ta tabbatar da cewa manhajar tana da kurakuran da ke iya nuna gibin kuɗi inda babu shi, a 2024 kuma majalisa ta yi dokar soke hukunce-hukuncen. Manhajar da aka karɓa takan zama shaida, ana gaskata ta a ƙaryata mutum. Saboda haka ranar karɓa ita ce ranar da mai amfani yake da damar tuhumar na'ura kafin na'ura ta tuhume shi.

To, me ya haɗa ɗalibin Hausa da wannan? Abin da ya haɗa su shi ne cewa buƙata rubutu ce. Kafin ta zama lissafin kwamfuta, jimla ce da wani ya faɗa, wani ya rubuta, wani ya fassara, kuma a ƙasashen da ake jin Hausa sau da yawa takan ratsa harshe biyu ko uku kafin ta isa hannun mai ƙira. Ɗan kasuwa a Maraɗi yana bayani da Hausa, wakilin kamfani yana rubutawa da Faransanci, mai ƙira wataƙila yana karantawa da Ingilishi a wata nahiya. A kowace gaɓa ma'ana tana iya zubewa, kuma ba a ganin inda ta zube sai ranar gwaji.

A ɗauki kalmar "dala". A bakin mai karanta labarai kuɗin Amurka ce. A kasuwannin Nijar kuwa dala sefa biyar ce, dala ɗari sefa 500, jika kuma sefa 1,000. Idan mai shago ya ce manhaja ta gargaɗe shi duk sa'ad da bashin mutum ya haura ɗari biyar, me yake nufi? In da dala yake ƙirga, sefa 2,500 ke nan, wanda ya rubuta 500 ya yi kuskure ninki biyar, kuma manhajar za ta bi kuskuren da aminci ba tare da ta taɓa tsayawa ba. Mai ƙira zai gwada ya ga komai daidai, domin ya gina abin da aka rubuta masa. Mai shago ne kaɗai zai kalli allo ya ce ba haka ba ne. Ga kuma rubutun lamba: a tsarin Faransanci waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, a na Ingilishi kuwa waƙafi yana raba dubbai. Kamfanin da ke da reshe a Damagaram da wani a Kano yana iya shigar da 1,250 a wuri biyu ya sami adadi biyu da suka yi hannun riga.

Rubutun boko ma yana da nasa tarkon, wanda ɗaliban nahawu suka sani sarai. Ba a nuna karin sauti ko tsawon wasali a rubutun yau da kullum, don haka "ya" guda ɗaya a takarda tana iya zama ta shuɗaɗɗen lokaci ko ta umarni. "Ma'aji ya sa hannu kafin a fitar da kaya": labari ake bayarwa cewa ya riga ya sa, ko doka ake kafawa cewa sai ya sa? A baki ba a ruɗewa, domin murya tana rarrabewa. A takardar buƙatu kuwa dole a ƙara kalma: "wajibi ne ma'aji ya sa hannu, in bai sa ba manhaja ta ƙi fitar da takardar kaya." Haka nan "bashin Audu" yana iya zama wanda ake bin sa ko wanda yake bi. "Ƙarshen wata" na albashi daban yake da na ganin jinjirin wata. Buhu kuwa ba nauyi ba ne. Na gero da na albasa da na siminti kowanne da nasa.

Sai batun haruffa masu lanƙwasa, wanda ya isa a yi masa maƙala ta kansa. Tsarin Unicode ya daɗe da tanadar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, amma samuwarsu a tsarin ba ta nufin kowace manhaja tana karɓar su. Wata takan karɓa a allo ta buga alamar tambaya a rasit. Wata takan adana Ɗanladi da Danladi a matsayin mutum biyu, kowanne da bashinsa. Wata takan jefa duk sunayen da suka fara da Ƙ can ƙarshen jeri bayan Z. Alamar hamza da ke cikin Sa'adu da Asma'u ta sha sa fom ya ƙi karɓar suna. Sannan a Nijar ana rubuta ƴ, a Nijeriya an fi rubuta 'y, mai neman "ƴan kasuwa" a rumbun bayanai yana iya rasa rabin abin da ke ciki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mai ƙira a wata ƙasa zai gano da kansa, domin da sunayen garinsu yake gwaji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga nan ake gane siffar buƙata mai gwaduwa. "Manhaja ta kasance mai sauƙi da sauri" fata ne, ba wanda zai iya cewa an cika shi ko an saɓa. Buƙatar da za a iya aunawa tana faɗin halin da ake ciki, da abin da aka yi, da abin da ya wajaba a gani: mai saye yana da bashin sefa 10,000, ya kawo 4,000, rasit ya nuna ragowar 6,000 da sunansa yadda yake rubuta shi. Irin wannan jimla ɗan kasuwa yana gane ta, mai ƙira yana gane ta, alƙali ma zai gane ta in an kai gabansa. Rubuta ta aiki ne na wanda ya san harshe, ya san inda kalma take da baki biyu, ya kuma iya tambayar "me kake nufi da wannan?" sau uku ba tare da ya ji kunya ba. Kuma ana rubuta ta ne tun kafin a fara gini, tare da matakan aibi da sharaɗin wucewa, kowa ya sa hannu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura tambayar wanda zai zauna a gaban na'urar. Al'adar ofisoshi da yawa ita ce a kira manya su kalli nuni: wakilin kamfani yana riƙe da linzamin kwamfuta, yana bi ta hanyar da ya share tun jiya, komai yana tafiya sumul, a tafa. Nuni talla ne. A gwaji, hannun akawu ne a kan madannai, da takardun watan jiya na gaskiya a gabansa, kuma ana son ya shigo da abubuwan da suke ɓata masa rana: wanda ya dawo da kaya bayan kwana uku, wanda ya biya rabi da naira rabi da sefa, ma'aikacin da aka ƙara wa girma a tsakiyar wata, wutar da ta ɗauke ana tsakiyar ajiye bayani, layin intanet da ya tsinke. In da hali, a gudanar da tsohon tsari da sabo kafaɗa da kafaɗa na wata ɗaya ko biyu a gwama sakamako. Aiki ne ninki biyu, ma'aikata ba sa son sa, amma ya fi araha a kan warware albashin mutum dubu.

Wahalar ita ce akawu ƙaramin ma'aikaci ne, kuma tarbiyya ta hore shi kada ya kunyata na gaba da shi a gaban baƙi. Idan shugaba ya riga ya yaba manhaja, ya kuma sanar da ranar ƙaddamarwa, da wuya yaron ofis ya buɗe baki ya ce, "Ranka ya daɗe, lissafin bai fita ba." Zai yi shiru, ya buɗe littafinsa na takarda a aljihun tebur, ya ci gaba da lissafi a ciki, manhajar da aka kashe wa kuɗi ta zama ado. Maganin wannan yana cikin tsarin aikin kansa. A ba kowane mai gwaji takardar da zai rubuta abin da ya shigar da abin da ya gani, da harshen da ya fi iyawa, ba tare da sai ya yi magana a taro ba. A hana kowa sauya matakin aibi sai da sa hannun wanda ya gano shi. A kuma rubuta cikin kwangila cewa wani kaso na kuɗin ba zai fita ba sai manhajar ta yi cikakken zagayen lissafi guda a hannun masu ita, har da rufe littafin ƙarshen wata.